Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta kula da tsofaffi a Maraɗi

Assalamu alaikum iyayenmu da ƴan uwa.

Zan fara da kuɗin wata, don shi ya fi cin raina bana. Dala ɗari ta sefa muka yanke da bakinmu, amma ko rabinmu ba su cika ba. Na bi gida-gida daga unguwar Mokoyo har unguwar Zariya, man babur daga aljihuna, amsar ɗaya ce: "Sai an sayar da wake." An sayar da waken, ba mu ga kowa ba.

Masu tambayar rumfar dattawa, ga dalilin da ya sa ba a gama ta ba. An kafa dirkoki, sai kuɗin kwano ya gagara, domin abin da ke asusu mun saye batir da tsinken awon suga da shi. Biro, wato shugabannin ƙungiya, ya ga awo ya fi inuwa gaggawa, kuma ina kan wannan ra'ayi har gobe. Kai masu yanar ido wajen likita ma ya tsaya saboda kuɗin mota. Ba a ci sisin kowa ba, littafi yana wurina ga mai son dubawa.

An yi taron wata-wata yadda aka saba.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1990. Bayan sallar asuba muka taka a hankali, masu sanda a gaba, jikoki na riƙe da kujeru. Ma'aikatan lafiya biyu daga cikinmu suka auna tansiyo, wato hawan jini, kyauta. Da yawa awonsu ya haura 140 bisa 90, alhali cewa suke lafiyarsu lau, don hawan jini ba ya sallama. Duk an tura su likita a sake dubawa.

Mata suka yi tuwon gero da miyar kuka, daddawa ta wadata, dunƙule kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma dunƙule ma gishiri ne. An yi maganar shayi mai suga sau uku a rana, da taba, da zaman tabarma daga hantsi har la'asar, da ƙarancin shan ruwa a zafin bazara.

Amma hirar ce ta fi komai. Wata inna daga Bagalam ta haɗu da ƙawarta ta ƙuruciya, shekaru ba su ga juna ba, ga su gari ɗaya. Wani baba ya ba yara labarin ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa Maraɗi ta hauro tudu. Ɗiyarsa ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, rabon Baba da cin abinci haka tun rasuwar Inna." Ƴaƴan da yawa suna Yamai ko Kano ko Agadas wajen nema. Suna aiko kuɗi, Allah ya saka, amma tsohon da ya wuni ba mai ce masa sannu yakan bar abinci, ya bar magani, barci ma ya ƙaurace masa.

Shi ya sa ziyarar da muke kai wa tsofaffi ranar Juma'a take ba ni takaici. Ba ta cin ko dala, amma mutanen nan dai da kuka sani su ke zuwa kullum. Sauran sai ranar tuwo da hoto a WhatsApp. Wanda ya sa sunansa a jerin ziyara, in ba zai iya ba ya faɗa a ba wani gidan.

Taro na gaba kowa ya zo da bashinsa, ko rabi ne. In kuɗin ya taru, kwano za mu fara saye kafin zafi ya shigo.

Ma'ajin ƙungiya