Shiga ƙungiyar ƙwadago bai kamata ya rage wa ma'aikatan jirgin sama haƙƙin hutun jinya ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in yi tsokaci a kan wata dambarwar shari'a da ta daɗe tana yawo a kotunan Amurka, wadda ta shafi maza da matan da ke yi wa fasinja hidima a cikin jirgin sama. Abin da ake ja-in-ja a kansa shi ne, idan jiha ta kafa dokar da ta ba kowane ma'aikaci damar ɗaukar hutu saboda rashin lafiyarsa ko jinyar iyalinsa, shin dokar ta haɗa da ma'aikacin jirgi wanda ƙungiyarsa ta riga ta ƙulla yarjejeniyar aiki da kamfani, ko kuwa yarjejeniyar ce kaɗai za ta yi hukunci a kansa? A ganina dokar ta haɗa da shi, domin mutane suna shiga ƙungiya ne don su samu ƙari a kan abin da doka ta ba kowa, kuma zalunci ne a mayar da katin ƙungiya hujjar hana mutum abin da mai wanke kwanoni a gidan abinci na filin jirgin yake samu ba tare da gardama ba.

Mai karatu a Najeriya zai iya mamakin yadda jiha take kafa dokar ƙwadago, tun da a wurinmu tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya wannan hurumi. A Amurka jihohi, har da wasu birane, suna da ikon yin nasu dokokin, kuma sun yi su ne saboda har yau babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu ba ma'aikaci hutun rashin lafiya da albashi. Abin da ake da shi shi ne dokar hutun iyali da jinya ta 1993, wadda ta ba da mako 12 a shekara ba tare da albashi ba, ga haihuwa ko ciwo mai tsanani, ga wanda ya cika wata 12 yana aiki kuma ya yi awa 1,250 a cikin shekarar. Wannan sharaɗi na awa ya bar ma'aikatan jirgi da yawa a waje shekara da shekaru, saboda a al'adar kamfanonin ana fara ƙidaya musu lokacin aiki ne daga sa'ar da aka rufe ƙofar jirgi zuwa sa'ar da aka buɗe ta, ban da zaman jira a fili da kwanan otal a garin da ba nasu ba. Sai a watan Disamba na 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan gyaran da ya mayar da sharaɗinsu awa 504 tare da cika kashi 60 cikin 100 na awannin da aka lamunce musu a wata. Wato shekara 16 aka ɗauka kafin a gyara kuskuren lissafi, kuma ko bayan gyaran dokar ba ta amfani uwar da ɗanta ya tashi da zazzaɓin kwana biyu ba, domin irin wannan ciwo bai cika kaiwa matsayin mai tsanani a ma'aunin dokar ba. Wannan giɓi ne dokokin jihohi suka zo cikewa.

Kamfanonin jiragen suna dogara da dokokin tarayya guda biyu wajen kauce wa dokokin jihohi. Ta farko ita ce dokar ƙwadago ta jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta haɗa da jiragen sama a 1936. Ta tanadi cewa duk saɓanin da ya taso a kan fassarar yarjejeniyar aiki, kwamitin sasanci na kamfani da ƙungiya ne zai warware shi, kotu ba ta da hurumi. Ta biyu ita ce dokar 1978 da ta sakar wa kamfanonin jirage mara, wadda ta hana jihohi yin dokar da ta shafi farashin tikiti, ko hanyoyin da jirage ke bi, ko hidimar da kamfani ke yi wa fasinja.

Shari'ar da ta fi fito da matsalar fili ta faro ne a jihar Washinton da ke arewa maso yammacin ƙasar, wadda ba ita ce babban birnin tarayya ba. A watan Mayu na 2011 wata ma'aikaciyar kamfanin Alaska Airlines ta nemi kwana biyu domin ta yi jinyar ɗanta da ke fama da ciwon ƙirji. Ba ta da sauran hutun rashin lafiya da za ta ɗauka, amma tana da kwana bakwai na hutun shekara da aka tsara mata a watan Disamba, sai ta roƙa a cire mata biyu daga ciki. Dokar kula da iyali ta jihar ta ce ma'aikacin da ke da hutu mai albashi, kowane iri ne, yana da zaɓin amfani da shi wajen jinyar ɗansa ko matarsa ko iyayensa. Kamfanin ya ƙi, ya ce bisa yarjejeniyar aiki ana raba ranakun hutun shekara ne tun a ƙarshen shekarar da ta gabata gwargwadon daɗewar mutum a aiki, saboda haka hutun Disamba ba ya ɗaukuwa a Mayu. Matar ta kai kuka Ma'aikatar Ƙwadago da Masana'antu ta jihar, ma'aikatar ta ba ta gaskiya ta ci kamfanin tarar dala 200.

A kan wannan ƙorafi kamfanin ya yi shari'a a kotun tarayya, kuma a bayyane yake cewa ba kuɗin ne ya dame shi ba. Abin da ya nema shi ne a ce jiha ba ta da ikon ko sauraron ƙorafin, tun da sai an buɗe yarjejeniya kafin a san ko matar ta cancanci hutun. Ƙungiyar ma'aikatan, wato AFA, wadda ita ce ta sa hannu a wannan yarjejeniya, ta shiga shari'ar a ɓangaren jiha, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba ta taɓa nufin sayar da haƙƙin 'ya'yanta na doka ba. A 2017 alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta tara suka ba kamfanin nasara da rinjaye, amma a 2018 babban zaman kotun mai alƙalai 11 ya soke wancan hukunci, shida suka rinjayi biyar. Hujjarsu ita ce haƙƙin da matar ke nema daga dokar jiha ya fito, kuma ɓangarorin biyu ba su yi saɓani a kan abin da yarjejeniya ta ce ba, saɓaninsu a kan ma'anar dokar jiha ne, wanda kuwa aikin hukumomi da kotunan jiha ne. Sun bi sawun Kotun Ƙolin Amurka ne, wadda a 1994, a shari'ar wani bakanike da Hawaiian Airlines ya kora bayan ya ƙi sa hannu a takardar gyaran jirgin da bai gamsu da lafiyarsa ba, ta yanke cewa dokar 1926 ba ta shafe haƙƙin da jiha ta ba ma'aikaci ba muddin haƙƙin yana tsaye da ƙafarsa ba tare da jingina da yarjejeniya ba. A 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar ƙarar da Alaska Airlines ya ɗaukaka.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin da maganar ta koma kotunan jihar, a 2023 Kotun Ƙolin Washinton ta fassara dokar da cewa ma'aikaci yana da zaɓin irin hutun da zai ɗauka, amma wajibi ne ya bi ƙa'idar yarjejeniya ta tsara hutun shekara tun da wuri. Shekara 12 bayan wancan roƙo na kwana biyu, kamfanin ne ya yi nasara. Ina girmama kotun, amma ban gamsu da sakamakon ba, domin ciwon yaro ba ya yin sallama wata bakwai kafin ya zo, kuma dokar jinya da ta ce sai ka tsara ranar jinya tun bara ta rasa dalilin kafa ta.

A ɓangaren hutun rashin lafiya mai albashi kuwa, kotuna sun rabu gida biyu. Masu zaɓe a Washinton sun amince a 2016 da dokar da ta fara aiki a 2018, wadda ke ba ma'aikaci awa ɗaya ta hutu a kan kowace awa 40 da ya yi aiki, ta hana kamfani hukunta shi don ya ɗauki hutun, ta kuma hana a nemi takardar likita sai rashin zuwan ya wuce kwana uku. Ƙungiyar manyan kamfanonin jirage ta ƙalubalanci dokar ta sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara a 2021, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta ƙi sauraron ta a 2022. Amma a 2021 ɗin wata kotun tarayya ta ba kamfanin Delta, wanda ma'aikatan cikin jirginsa ba su da ƙungiya, nasara a kan dokar birnin Niyok, sannan a 2023 wata kotun tarayya a Boston ta yanke cewa dokar jihar Masachusets, mai ba da har awa 40 a shekara, ba za ta yi aiki a kan kamfanonin jirage ba saboda tana taɓa hidimarsu ga fasinja. Sakamakon haka, idan aka ɗauki ma'aikata biyu masu kaki iri ɗaya, a kamfani ɗaya, ƙarƙashin yarjejeniya ɗaya, wadda tashar aikinta take birnin Seattle na jihar Washinton za ta samu kariyar da wadda tasharta take Boston ba za ta samu ba.

Ya kamata a fahimci cewa rigimar ba a kan yawan kwanaki take ba, domin yarjejeniyoyin ƙungiyoyi sukan ba da hutun rashin lafiya da ya kai ko ya wuce na jihohi. Asalin rigimar tsarin maki ne. A kamfanoni da yawa, duk lokacin da ma'aikaci ya buga waya ya ce ba shi da lafiya ana rubuta masa maki, idan makin ya taru a ba shi gargaɗi, idan ya ƙara taruwa a sallame shi, ko da kuwa hutun da ya ɗauka nasa ne da ya tara da guminsa. Dokokin jihohi wannan makin suke haramtawa, kamfanoni kuma shi suke son riƙewa.

Ba na raina hujjar kamfanonin. Hukumar kula da sufurin sama ta tarayya ta wajabta ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50, saboda haka idan mutum ɗaya ya gaza zuwa kuma ba a samu madadinsa ba, jirgin ba zai tashi ba, jinkirin kuma ya bi sauran jiragen ranar. Sun kuma gabatar wa kotun Boston shaidar cewa kiran rashin lafiya yana ƙaruwa idan aka cire tsoron maki. Amma ai saboda irin wannan rana ce kowane kamfani yake ajiye ma'aikatan ko-ta-kwana, kuma ƙara yawansu kuɗi ne da ya kamata a lissafa cikin tsadar kasuwanci kamar yadda ake lissafa mai da gyara. Ƙaruwar kiran rashin lafiya kuma ba lalle ha'inci take nunawa ba, tana iya nuna yawan waɗanda a da suke shiga jirgi da ciwo don gudun kora. Wanda mura ta toshe masa kunne yana iya samun rauni a dodon kunnensa idan jirgi na sauka, mai tari yana raba abinci ga ɗaruruwan mutane a wuri rufaffe, kuma wannan ma'aikacin ne ake sa ran zai fitar da fasinja cikin daƙiƙa 90 idan hatsari ya auku. Idan aka karɓi fassarar kotun Boston, da wuya a samu dokar ƙwadago da za ta tsira, tun da kusan kowace tana taɓa hidima ta wata fuska, alhali majalisa ta kafa dokar 1978 ne don gasar farashi da hanyoyi.

Batun cewa jirgi yana ratsa jihohi da yawa a rana guda, don haka ba a san dokar da za a bi ba, shi ma yana da amsa. Kowane ma'aikaci yana da tashar da kamfani ya ajiye shi, inda yake fara aiki yake kuma ƙarewa, kuma Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yi amfani da wannan ma'auni a 2020 a shari'ar takardun albashi na ma'aikatan United Airlines. Kamfanin da ke iya lissafa harajin kowane ma'aikaci bisa jiharsa ba zai gaza lissafa hutunsa ba.

Akwai masu cewa ƙungiyoyin su je su nemi abin da suke so a teburin ciniki. Masu wannan magana suna mantawa da cewa a ƙarƙashin dokar 1926 yarjejeniya ba ta ƙarewa, lokacin gyara ta ne kawai yake yi, kuma ma'aikata ba su da ikon yajin aiki sai Hukumar Sasanci ta Ƙasa ta sallame su sannan an jira kwana 30. Yarjejeniyar ma'aikatan American Airlines ta isa gyara a ƙarshen 2019, ba a amince da sabuwa ba sai a watan Satumba na 2024. Bai dace a ce wa mai jinya ya jira shekara biyar ba, bai kuma dace a tilasta wa ƙungiya ta saki wani abu daga albashi domin ta sayi haƙƙin da doka ta ba sauran ma'aikatan jihar kyauta ba. Inda kuwa yanayin aikin jirgi ya saɓa da dokar jiha da gaske, akwai hanya ta gaskiya. Bayan da ma'aikatan kamfanin jirage na Virgin America suka yi nasara a kotu a kan hutun cin abinci da na shan iska, majalisar Kalifoniya ta yi gyara a 2023, da goyon bayan ƙungiyar AFA, ta cire ma'aikatan jirgi daga wannan tanadi matuƙar yarjejeniyarsu ta tsara musu nasu hutun. An yi wannan a bainar jama'a, da yardar waɗanda abin ya shafa, a kan lamari guda da aka fayyace.

Saboda haka kirana ga majalisar Washinton shi ne ta gyara lafazin dokarta yadda ƙa'idar tsara hutu tun da wuri ba za ta hana jinyar gaggawa ba. Majalisar tarayya kuma, kamar yadda ta yi a 2009, ta fayyace cewa dokar 1978 ba ta shafi hutun rashin lafiya ba, ko kuma ta kafa mafi ƙarancin hutu mai albashi, marar maki, ga duk ma'aikatan jirage a faɗin ƙasar, wanda zai ba kamfanonin doka guda da suka daɗe suna cewa ita suke so. Kafin a yi hakan, a bar dokar jihar da tashar ma'aikaci take ta yi aiki a kansa, ko yana cikin ƙungiya ko ba ya ciki.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum