Wasiƙa daga Mai Wurno kan zaƙin hilu-mur

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya iyali, yaya zafin Madina? Mu nan Mai Wurno ta Sudan sai godiyar Allah.

Ka ce hilu-mur, abin shan nan namu na Sudan da ake yi da dawa, wanda uwargida ta yi shirin azumi ya fito salam, babu zaƙi. Ina kyautata zaton zafin wuta ne ya ɓata mata aiki. Ka san zaƙin nan daga dawar kanta yake fitowa. Idan aka jiƙa dawar da ake kira feterita aka rufe ta da buhu har ta fito da tsiro fari siriri, ƙwayar tana samar da wani inzayim mai suna amilez, wanda ke yayyanka sitaci ya mai da shi sukari. Shi ya sa da an zuba garin zurri'a, wato busasshen tsiron dawar, a kan asida, tuwon nan mai kauri, sai ka ga ta saki, ta tsinke a ƙarƙashin muciya. Irin wannan inzayim ne masana kimiyya Payen da Persoz suka ware daga tsiron sha'ir a Faransa a 1833.

To amma inzayim furotin ne mai siffa tasa, kuma da siffar yake aiki, kamar mabuɗi da kwaɗonsa, yadda masanin kimiyya Bajamushe Emil Fischer ya kwatanta a 1894. Sanyi rage masa ƙarfi kawai yake yi, da ya ji ɗumi ya farfaɗo. Tafasa kuwa lanƙwasa siffar take yi, kuma ba ta dawowa. Na tsiron hatsi ya fi kuzari wajen digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas, don haka in aka zuba zurri'a tukunya na kan wuta tana ɓararraka, an kashe shi tun kafin ya soma. Abin yana ba ni tausayi, ganin wahalar tsirar da dawa da shanya ta.

Tsami ma yana da tasa rawar. Amilez na yawun bakinmu yana tsayawa da ya isa cikin tsamin tumbi, inda pepsin, inzayim mai narkar da furotin, kuma can ne gidansa. Haka in ƙullu ya yi tsami da wuri, zaƙi ba ya kaiwa.

Don Allah ka gaya mata ta sauke asidar ta ɗan huce tukuna, sannan ta zuba zurri'a, ta rufe ta ba shi lokaci. Kuma kada ta soya tsiron, inuwa da iska sun isa su busar da shi.

Ka gaishe min da yara, ka sa mu a addu'a a Masallacin Annabi, Allah ya ba Sudan zaman lafiya.

Naka,
amininka