Hannun Nan Naka na Dama

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ko da yake maganar lafiyar ce ma ta sa na ɗauki biro. Ummanka tana gaishe ka. Ba ta san ina rubuta wannan takarda ba, kuma ba na so ta sani tukuna.

Ƙanwarka ta dawo daga wurinka da waya cike da hotuna. Mun zauna bayan isha'i tana nuna mini ɗaya bayan ɗaya. Na ga teburinka da kwalaben burushi, da guntayen fensir ɗin da ba ka taɓa yarda a zubar ba tun kana yaro. Na ga bangon da ka jera ƙananan zane-zanen gwaji na littafin yaran nan, shafi 32 cif, kowanne bai fi akwatin ashana ba, ka sa jan maki a kan waɗanda ka gama. Na ƙirga, tara ne masu jan maki a cikin buɗi goma sha huɗu na labarin, wato shafuka bibbiyu masu fuskantar juna. Yarinyar nan da kyanwarta a bakin taga, ruwa yana sauka, wallahi ta yi kyau. Na daɗe ina kallonta. Ban saba faɗa maka irin wannan ba, to yau ka ji.

Amma shekara talatin da ɗoriya na yi a maɗaba'a ina duba aikin mutane da gilashin ƙara girma, idona bai iya tsayawa a kan kyau kawai ba. Na ce wa ƙanwarka ta buɗa mini shafi na 6, sannan ta buɗa na 20. A na 6, layin bayan kyanwar ja ɗaya ka yi masa, daga wuya har wutsiya, babu tsayawa. A na 20, layi guda ka bi shi sau uku, yana kakkaryewa kamar an ɗinka shi. Mai zane ɗaya ne, kyanwa ɗaya ce, wata biyu ne tsakani. Sannan a gefen teburin, kusa da fitila, na hango abin ɗaure wuyan hannu irin na asibiti. Da na tsare ta da ido sai ta sunkuyar da kai. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce kofi ya suɓuce maka sau biyu a gabanta. Ta ce cikin dare tana jin ka tashi kana yarfe hannu. Ta ce fensir ɗin ma yanzu sai ka naɗe shi da tsumma kafin ka iya riƙewa.

Ummanka kuwa ka ce mata gajiya ce kawai.

Gajiya ba ta zaɓen yatsu, Babana. Ka gwada yanzu da kake karantawa. In babban yatsa ne da manuni da na tsakiya suke yi maka dindiris, da rabin na kusa da ƙarami, shi kuwa ƙaramin lafiyarsa ƙalau, to na san wannan baƙon, ya kwana a gidana. A wuyan hannu akwai wata 'yar matsattsiyar hanya tsakanin ƙashi da wani tsiri mai tauri da ya rufe ta ta sama. Jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu ta nan suke wucewa, tare da jijiya guda mai kai saƙon ji. In wurin ya kumbura, babu inda zai buɗa, sai ita mai saƙon ta sha matsa. Abin da ya sa ya fi tashi da dare shi ne mutum yakan lanƙwashe hannu cikin barci bai sani ba. Da farko yarfewa takan kore shi. Daga baya ya daina tafiya. In aka bar shi ya daɗe, naman gindin babban yatsa sai ya zube, wurin ya lotsa, kuma wanda ya kai nan ba lallai aikin tiyata ya mayar masa da duk abin da ya rasa ba. Ni ba likita ba ne, mai yiwuwa naka wani abu ne daban, shi ya sa nake cewa ka je a duba. Amma ka san wanda yake sa mini maɓallin riga kowace safiya. Ka san kuma tun yaushe.

Ciwon nan ba sabo ba ne a duniya. Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya yi littafi a kan cututtukan masu sana'a a 1700, da ya sake fitar da shi a 1713 sai ya ƙara babi a kan mu masu ɗab'i, da wani a kan marubuta da magatakarda. Abu uku ya ce suna cin su: yawan zama, da maimaita motsin hannu iri ɗaya ba hutu, da takura ƙwaƙwalwa don kada a yi kuskure. Wanne ne babu a ɗakinka? Shekara ɗari uku ke nan, abin da ya sauya kawai shi ne gashin tsuntsu ya koma alƙalamin roba a kan allon gilashi. Ni a ganina gilashin ma ya fi sharri, don takarda tana riƙe bakin fensir, shi kuwa santsi ne da shi, sai yatsu su ƙara damƙa ba tare da mai su ya lura ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka kawo mini Renoir na Faransa, wanda amosanin gaɓɓai ya nannaɗe masa yatsu, ana saƙala masa burushi a hannu yana fenti har ya rasu a 1919. Ka taɓa ba ni labarinsa kana murna kamar ɗan'uwanka ne. To shi tsoho ne da ya riga ya yi suna, yana da masu haɗa masa kala da masu ɗaukarsa a kujera, ciwonsa kuma ba shi ya jawo wa kansa ba. Kai wa zai saƙala maka alƙalami? Kai da ko haya ba ka gama biya ba?

Ga abin da ya fi ɓata mini rai. Aiki uku ka rungumo a lokaci guda: littafin nan, da bangon mujalla, da zanen kullum da ka ɗora wa kanka wai kada rana ta fito ta faɗi ba ka cika shafi ɗaya a littafin gwaji ba. Wa ya aike ka? Ka karɓi kafin alƙalami a wuri biyu, wa'adi ya matso, sai ka mayar da dare rana. Kuma da na duba inda ƙarfin hannun yake tafiya sai na rasa abin cewa. Ruwan saman nan na shafi na 18 da 19, ɗigo-ɗigo kake jan sa da hannu, sirara kamar gashi, dubbai. Ka zana shi ya fi girman littafin, za a rage shi kafin a buga. Ka tambaye ni, ni da na ga irin wannan aikin yana fita daga bakin inji. Kala huɗu ne kacal a faranti, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, kuma kowace inuwa da ƙananan ɗigo ake haɗa ta. Siririn layi mai launin toka in an rage shi, ko ya tsinke ko ya narke cikin na kusa da shi ya zama hazo. Milimita 3 na kowane gefe wuƙa za ta cinye. Abin da ya faɗa tsakiya kuma ɗinki zai haɗiye. Shuɗin nan mai haske da kake gani a allo, haske ne yake ba ka shi, tawada ba za ta ba ka irinsa ba. Wato kana kashe hannunka a kan abin da yaron da zai karanta littafin ba zai taɓa gani ba. Wannan ba ƙwazo ba ne, taurin kai ne, kuma na san inda ka gado shi.

Wataƙila kana karantawa kana cewa, ji mai magana, mutumin da ya fasa mini rula a kan wannan hannun. Ban manta ba. Kana aji huɗu, littafin lissafi ne ka cika bayansa da dawakai. Na yaga shi a gabanka, ka kwana biyu ba ka ce mini uffan ba. Ba na cewa na yi daidai. Amma ka tuna a wace shekara ce, ka tuna halin da Kawunka yake ciki a lokacin, da abin da muka sayar saboda shi. Ni abin da na gani a bakin ƙofar maɗaba'a shi ne masu zane suna jiran a biya su, wata da watanni, ana buga aikinsu sau biyar ba a ƙara musu ko sisi ba. Uban da ya ga haka, ya dawo gida ya tarar da ɗansa yana zana doki, me kake so ya yi? Kuskurena ɗaya, na ɗauka sana'ar ce za ta kayar da kai. Ba ta kayar da kai ba, ka ci abinci da ita, ka taimaki ƙannenka da ita, na gani na yi shiru don kunya. Yanzu da na sakar maka, ba zan zauna ina kallo ka ƙarasa da kanka abin da rulata ta kasa ba.

Ka je asibiti cikin makon nan, ba bayan ka miƙa littafi ba. Akwai gwajin da ake yi na auna saurin saƙo a jijiya, shi zai nuna inda aka kwana. Tun abin yana ɗanye, sau da yawa ɗaurin dare mai miƙar da wuyan hannu da rage aiki sukan wadatar, wani lokaci a haɗa da allura. Abin ɗaurin nan da na gani, da dare ake kwana da shi, ba a matse hannu a cikinsa a ci gaba da zane ba. Ka ajiye fensir mai tauri ka koma masu laushi irin 4B ko 6B, su ba sa neman a danna. Dogon layi daga gwiwar hannu da kafaɗa ake jan sa, kai ka fi ni sani, kai ka koya wa ƙanwarka. Zanen kullum ɗin nan kuma ka ba shi hutu, ko ka yi shi da hagu in ba za ka iya haƙura ba, ai babu mai biyan ka a kansa.

Su kuma masu littafin ka rubuta musu gobe, ka faɗi gaskiya, ka nemi ƙarin mako shida. Na san kana jin nauyi. Na zauna a wancan gefen teburin shekaru, kuma wanda ya sanar da mu da wuri ba mu taɓa riƙe shi a zuci ba, sai mu gyara jadawalin inji. Wanda ya ɓoye har ranar ƙarshe shi ne ake daina kira. In kuwa sun ƙi, suka ce a mayar musu da kafin alƙalaminsu, ka gaya mini nawa ne. Ban tara da yawa ba, amma akwai, kuma ba sai Ummanka ta ji ba.

Kwana uku na yi ina rubuta wannan takarda, shi ya sa za ka ga rubutun ya bambanta daga shafi zuwa shafi. Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka, ya sa ka gama da hannunka.

Af, kafin na manta. A shafi na 18 da 19, wutsiyar kyanwar ta faɗa daidai tsakiya, ɗinki zai cinye ta. Ka matsar da ita hagu kamar faɗin yatsa biyu. Ba yau ba, in ka dawo daga asibiti.

Mahaifinka.