Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Ilimi Mai Zurfi na Nijar: ba'a na cin makin ƴaƴanmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. In ɗalibai suka kawo maka kuka, zancen bai wuce bursi, abinci da ɗakin kwana ba. Akwai wani kukan da ba ya shiga takarda, domin masu shi kunya ta rufe musu baki: ba'ar da ake yi wa ɗalibi kan halittarsa.

Mai jiki a ce mata buhu, siririya a ce tsinke. Baƙa a tambaye ta ko ba ta san kantin man bilicin ba. Mai i'ina kuwa, kafin ya kai ƙarshen jimla an ƙarasa masa cikin shewa. A da abin yana mutuwa a bakin aji. Yanzu sai a ɗauki hoton yarinya ba ta sani ba, a jefa a rukunin WhatsApp na aji, wanda ba ta isa ta fita ba, tunda can ake sanar da lokacin darasi da ranar jarrabawa.

A nan ne abin ya shafi ofishinka. A tsarin LMD na jami'o'inmu (lisans, masta, dakta) kowane zango yana da kiredi 30, wato ma'aunin darussan da ɗalibi ya ci, sai an tara 180 a sami lisans, kuma ba jarrabawar ƙarshe kaɗai ke ba da maki ba. Akwai aikin rukuni, akwai tsayawa gaban aji a yi bayani. Wadda aka yi wa ihu sau ɗaya, ran bayaninta sai ta ce ba ta da lafiya. Ta koma kujerar baya, ta daina tambaya, daga nan ta daina zuwa. A takardar sakamako a ga ta faɗi, iyaye a ƙauye su ce boko ya gagare ta, a fara zancen aure. Wasu kuma kuɗin kwafin darasi suke kaiwa ga man bilicin ko ƙwayar "sha ka fashe".

Na san za a ce ai wasa ne, mu ƴan Nijar mun gaji barkwanci. Haka ne, har UNESCO ta karrama wasan taubasai namu a 2014. Amma taubashi yana ramawa, a yi dariya tare. Mutum ɗari a kan yarinya guda, da me za ta rama?

Dokar laifukan intanet ta 2019 ta haramta zagi ta waya, sai dai wace ɗaliba ce za ta kai ƴan ajinta gaban alƙali? Abin da nake roƙo ya fi haka sauƙi. A rubuta wannan laifi ƙarara cikin dokar kowace jami'a, daga Yamai har Diffa, tare da hukuncinsa. Kowace tsangaya ta ware wanda za a kai wa ƙara a asirce, kuma a sa mace a ciki. Malamai ma a ja musu kunne, domin in malami ya fara tsokana daga kan allo, aji ya sami lasisi ke nan.

A huta lafiya.

Wata uwa, daga Yamai