Kafin magina su shiga

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Hotunan tsohon gidan da ka saya sun iso, na yi ta kallonsu har mahaifiyarka ta ce in ajiye wayar haka nan. Allah ya sa ka shiga a sa'a. Na ji ka ce magina za su fara aiki wata mai kamawa, shi ya sa na rubuto tun da wuri. Ka dakatar da su tukuna, ka fara sanin su wa suka zauna a gidan kafin kai.

Ka fara da mutane, takarda za ta jira ka. Tsohuwar nan maƙwabciyarka da ka ce a layin ta girma, ka je ka gaishe ta, ka zauna ba tare da gaggawa ba. Wa ya gina gidan, mece ce sana'arsa, me ya sa magadansa suka sayar? In ta yarda, ka naɗi muryarta a waya. Ni na yi sakaci a nan. Gwaggona ce kaɗai ta san yadda kakana ya aza harsashin gidan da aka haife ni a ciki, kullum ina cewa sai na samu sarari zan tambaye ta, har Allah ya karɓi abarsa. Har yau abin yana ci mini rai.

Daga nan sai ofishin rajistar filaye. Takardar cinikinka tana ɗauke da sunan wanda ya sayar maka, tasa kuma tana ɗauke da sunan wanda ya sayar masa, haka za ka yi ta bi baya-baya. Ka riƙe lambar fili da iyakokinsa, don sunan titi da lambar gida sukan canza, sunan mutum ɗaya ma akan rubuta shi iri biyu. Inda zaren ya tsinke, yawanci gado ne, sai ka nemi takardar rabonsa. In akwai magajin da aka tsallake, gara ka sani yanzu da bayan ka zuba kuɗinka a rufi.

Gidan kansa ma zai ba ka labari in ka duba shi da kyau. Bangon da ya fi sauran kauri, ko ƙofar da aka toshe, su za su nuna maka ɗakin asali da wanda aka ƙara daga baya. Ka leƙa bayan ƙofofi, wataƙila ka ga zanen fensir inda wata uwa take auna tsayin 'ya'yanta, da shekara a gefe. Irin wannan ka ɗauki hotonsa kafin a shafe. Amma kada ka bar jikokina kusa da ƙurar tsohon fenti, sau da yawa akwai dalma a ciki, ita kuwa guba ce. Sai a 1978 Amurka ta hana fentin dalma a gidaje, Birtaniya kuwa sai a 1999 ta hana asbestos gaba ɗaya, wato wani kayan gini da ƙurarsa ita ma take cutar da huhu, ka ga ke nan ba a daɗe da farga ba. Kuma in bangon na ƙasa ne ko na farar ƙasa, kada ka yarda a lulluɓe shi da siminti. Siminti yana tsare danshi a ciki, bangon ya riƙa rugurgujewa ba ka sani ba.

Abin da ka gano ka rubuta shi yadda yake. In bashi ne ya raba mai gidan na farko da shi, haka za ka rubuta, ba tare da ka tozarta shi ba. In ka tsinci wasiƙa ko hoto a rufi, ka nemi jikokin tsofaffin masu gidan ka miƙa musu, nasu ne.

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi don wannan aikin. In na zo, da shi za mu fara, sannan ka kai ni in gaida tsohuwar nan. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka