Kafin a lanƙwasa gini a kwamfuta, a tambayi mai kofraj

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan hili.

Ni aikin kofraj nike yi nan Maraɗi, wato buga katakon da ake zuba kankare ciki, katako da ƙusa, shekara da shekaru. Makon jiya ɗan ƙanwata da ya gamo karatun zanen gine-gine a Lome ya buɗe kwamfutarshi ya ce kawu zo ka gani. Wata manhaja ce wai ita Revit ta kamfanin Autodesk, tun ba a sa ƙofa ko taga ba ana fara tada gangar jikin ginin kawai, dunƙule kamar curin laka. Ya ja layi mai lanƙwasa ƙasa, ya ja wani sama, ya haɗe su sai ga bango ya tashi da ciki kamar tulu. Abin da ya ɗaure mani kai, kowane awo ɗaure yake da lamba, faramita suke ce mata, ya canza tsayi daga mita 9 zuwa 12 sai ginin duka ya bi, har faɗin kowane bene manhajar ta sake lissafawa da kanta, ba gogewa ba sake zane. Ya ce wasu manhajojin, Rhino da Grasshopper, ma sun fi haka wasa da lanƙwasa.

Wallahi na yaba. Amma na ce mashi to wa zai buga katakon wannan abu?

Lanƙwasa iri biyu ce, mai guduma a hannu ya san haka. Akwai ta gefe guda kamar jikin durom, wannan falangen katako siriri in ka lallaɓa shi yana yarda. Akwai mai lanƙwasa ta ko'ina kamar ƙwarya a kife, wannan kam katako ba ya bi, ka gwada naɗe ƙwarya da takarda ka gani in ba ta yamutse ba, dole sai an yanka ƙanana ƙanana kowane da awonshi kuma rabin katakon a shara zai ƙare, mai gida ko yana tsaye yana ƙirga jikkunanshi. Ginin nan mai lanƙwasa da mai zanen gine-gine Zaha Hadid ta zana a Baku, babban birnin Azarbaijan, wanda yaranmu ke ta turawa juna hotonshi, a masana'anta anka ƙera fale-falen jikinshi. Mu nan zarto gare mu.

Kuma lanƙwasa ai ba baƙuwarmu ba ce. Wa ya koya ma bakauye tada rumbu? Magina sunka ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasar da ke riƙe rufin soro, da azarar giginya, tsawon azara ne ke gaya masu iyakar inda baka zai kai, ba son rai ba. Falke Barmu da ya gina masallacin Yama can jihar Tawa har kyautar Aga Khan ta gine-gine ya samu a 1986, da laka.

Roƙona ga masu koyar da yaran nan, su sa su fara shigar da awon kayan da ke kasuwarmu kafin kwalliya, bulo santimita 40, ƙarfen rodi mita 12, falange santimita 122 da 244. Manhajar na iya rarraba jikin ginin gida-gida, yaron ya nuna mani, to a murɗa lambar har gidajen su zo daidai da falange ɗaya mana.

Ya ce zai gyara. Na ce gyara ko kar ka gyara, ranar Asabar da sassafe kana shantiye tare da mu, akwai gudumar da ba ta da mai ita.

Wani mai kofraj, unguwar Zariya, Maraɗi