A daina ɗaura siwin am da tsohon boris a cikinsa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana makanikan babur da su kansu masu baburan, kan wani sakaci da nake ta gani kuma wallahi yana damuna sosai.

Maganar siwin am ce, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar baya, wanda yake hawa da sauka duk lokacin da mashin ya faɗa rami. Mutum zai samo na wani babur daban, ko don nasa ya lanƙwashe, ko yana so ya sa taya mai faɗi, ko dai tsayin ne ya burge shi, sai kawai a gwada a ga ƙusar tsakiya ta shige, a ɗaure noti a ce aiki ya gama. Boris ɗin da ke cikin wannan ƙarfe, wato abin da ƙarfen ke juyawa a kansa a gindinsa, ba wanda ya leƙa, ba a san shekara nawa ya yi ba, ba a san ruwan da ya sha ba a inda aka jefar da shi kafin a sayo.

Kwanakin baya wani ƙanina ya kawo min mashin ɗinsa ya ce yaya, in na sha kwana sai in ji bayan yana rawa kamar taya ta sace, alhali iska lafiya lau. An canza masa boris ɗin taya, an canza shokazoba, abin bai daina ba. Na ɗaga bayan na kama tayar da hannu biyu na tura hagu da dama, sai ga ƙarfen gaba ɗaya yana motsi tun daga gindinsa. Da na kwance, alluran boris ɗin, wato siraran ƙarafan da ke birgima a cikinsa, sun zama jan gari saboda tsatsa, wasu ma zubowa suka yi a hannuna. Yaron nan wata biyu yana gudu a kan wannan abu, har da goyo. Ranar jikina ya yi sanyi, domin ɗan motsin da bai kai milimita 1 ba a gindin ƙarfen, kafin ya isa wajen taya ya ninka sau da yawa saboda tsayin ƙarfen, kuma a kwana ake jin sa, inda mutum ba shi da damar yin kuskure.

To abin da nake roƙo shi ne, duk siwin am ɗin da ba sabo fil ba, a fitar da abin da ke cikinsa a sa sabo. Ƙananan babura da yawa bushi ne a wurin, wato zobe zalla ba allura ba ƙwallo, na roba ko na ƙarfe, manya kuma galibi boris mai allura ne, wasu ma allura a gefe ɗaya mai ƙwallo a ɗaya gefen. Kuma kar a je shago da ido kawai a ce a ba ni irin wannan, a auna. Lambar da ke jikin boris ba ado ba ce. HK2016 misali, cikinsa milimita 20, wajensa 26, faɗinsa 16. Mai ƙwallo 6203 cikinsa 17, wajensa 40, kaurinsa 12, shi kuwa 6202 cikinsa 15 ne wajensa 35. In ka ga 2RS a ƙarshen lambar to yana da murfin roba gefe biyu. Da awo a hannunka ba wanda zai haɗa ka da wanda ya kusa daidai.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne bututun nan na tsakiya da ƙusa ke bi ta cikinsa. Mutane na ɗaukar sa kamar guntun fayif ne kawai, alhali a kansa alluran ke birgima, shi ya sa aka yi shi da ƙarfe mai tauri aka goge shi sumul. In ka shafa da farce ka ji layi layi ko ramuka, ya mutu, ko ka sa masa sabon boris cinye shi zai yi cikin ɗan lokaci. Sannan a nan ne matsalar ɗauko kayan wani babur take fitowa, ƙusarka 15 ce ramin bututun 17, sai ka ga an naɗa gwangwani an cusa don ya cike. Don Allah a bari. A kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya yanko siririn bushi daidai awo da zai zauna tsakanin ƙusar da bututun, a bar wa alluran bututunsu mai tauri. Haka in ƙarfen bai cika tsakanin firam ba, kar a ce noti zai jawo, firam ɗin kake matsewa. A cike da washa mai kauri daidai gibin, kuma a lura da gefen da aka sa ta, don haƙoran sarƙa na gaba da na baya su tsaya a layi ɗaya, in ba haka ba sarƙar za ta riƙa cin gefe har ta fara faɗuwa. Abin da ƙusa ya kamata ta matse shi ne bututun, shi ƙarfen ya riƙa juyawa a sake.

Wajen sakawa kuma a ajiye guduma. Kwanson boris mai allura siriri ne ƙwarai, duka ɗaya a karkace ya isa ya lotsa shi, shi ya sa ma wanda aka bugo aka fitar ba a mayar da shi. Ni doguwar ƙusa mai zare nake zurawa, da soket daidai bakin boris ɗin da manyan washa, in riƙa ɗaure noti a hankali yana shiga da kansa. In ka sa shi a firiza tukuna, ka ɗan ɗumama ramin, ya fi sauƙin shiga. Gefen da aka buga lamba shi ake turawa, shi ke kallon waje, kuma tun kafin ka cire tsohon ka auna zurfin da ya zauna don sabon ya tsaya a nan. A cika shi da giris mai jure ruwa, a sa sabbin robobin da ke tare ƙura, su ma ba a maimaita tsofaffi. In babur mai shokazoba ɗaya ne a tsakiya, ƙananan boris na mahaɗan da ke ƙasansa su ma a duba su tunda an riga an kwance.

Kafin a haɗa shokazoba a ɗaga ƙarfen da hannu a sauke, ya tafi lami lafiya ba ya cijewa, a tura gefe da gefe kuma kar a ji komai. Masu babur ku ma ku tambaya, ku ce a nuna muku tsohon da aka cire, kuma in ana wanke mashin da injin feshi a daina saita bakinsa daidai wurin nan, giris ɗin yake korewa ya bar ruwa a ciki.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani makanikin babur